Mijina yana wankin ƙoda, yanzu kuma an ce ya kamu da ciwon hanta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mijina shekararsa 44, kusan shekara guda kenan yana wankin ƙoda sau biyu a sati, hawan jini ne ya taɓa masa ƙodar. Lokacin da za a fara an yi duk gwaje-gwaje aka ce ba shi da ciwon hanta, takardar ma tana wajena. An ƙara masa jini ya kai sau huɗu. Watan jiya suka sake gwaji sai aka ce wai yana da ciwon hanta nau'in B, suka cire shi daga cikin mutane suka mayar da shi wani ɗan ɗaki a baya mai inji ɗaya, layi ake bi, wani lokacin sai dare. Tun daga nan ya canza, yace an mayar da shi kamar kuturu, sati biyu kenan sau ɗaya-ɗaya yake zuwa, ƙafafunsa har sun fara kumbura. Hajiyarsa tace ni na kawo masa tunda ina kitso mata iri-iri suna shigo mana gida, mamata kuma tace in kwaso yara in taho kafin ya shafa mana. Ina da ciki wata biyar, yaranmu uku. Na ware masa kwano da kofi, na daina kwana a ɗakinsa, yana gani bai ce komai ba amma ni abin yana cina. Wata maƙociya tace ta hanyar neman mata ake ɗauka, wallahi tun ranar zuciyata take raya min abubuwa. Ƙaninsa kuma ya kawo jarkar magani daga ƙauye yace tana wanke hanta tas. Anti in tafi gida ko in zauna? Kuma in je in yi rigima da asibitin ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da ɗawainiya, ciki wata biyar ga yara uku ga jinya ga bakin mutane ta gaba ta baya, wallahi ba ƙaramin kaya kika ɗauka ba kuma ban ga laifinki ba dan kin tsorata. Amma ki yi haƙuri zan ajiye maganar Hajiya da ta mamanki a gefe tukunna, dan a duk wasiƙar nan abin da ya fi tada min hankali shine ƙafar da ta fara kumbura. Ciwon hanta nau'in B yawanci a hankali yake aikinsa, shekaru yake ɗauka, mutane da yawa suna tsufa da shi. Fashin wankin ƙoda kuwa a kwanaki yake kisa. Ruwan da kike gani a ƙafa shi ne yake hawa huhu mutum ya kasa kwanciya ya kasa numfashi, sannan akwai wani sinadari da ake kira fotasiyam wanda ƙoda ce take fitar da shi, idan ya taru a jini zuciya tana iya tsayawa ba sallama. Dan haka gobe goben nan, kafin komai, ya koma kan injin. Idan kika ga numfashinsa yana sama-sama, ko sai ya jingina da filo uku yake iya barci, ko yace jikinsa ya mutu ƙirjinsa na bugawa, kar ki jira ranar da aka ba shi, ku tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Jarkar nan kuma dan girman Allah kar ya kai ta bakinsa. Na san ƙanin da kyakkyawar niyya ya kawo, ya ga ɗan uwansa a kwance ya rasa me zai yi, to ki gode masa ki karɓa hannu bibbiyu ki ajiye inda maigidan ba zai gani ba. Mai wankin ƙoda ko ruwan sha ƙayyade masa ake yi, balle kofi-kofi na dafaffen saiwa da ganye safe da yamma, waɗanda ba wanda ya san me ke ciki, ƙodar da za ta tace su ba ta aiki, hantar da za ta sarrafa su ita ce ake lallaɓawa. Babu wani jiƙo da aka tabbatar yana fitar da wannan ƙwayar cuta daga jiki. Idan ƙanin yana son taimako, kuɗin mota da kuɗin gwajin yara suna nan suna jiransa, ki faɗa masa haka cikin ladabi.

Yanzu maganar ɗakin baya. Ki zauna da shi ki yi masa bayani, ba wulaƙanci bane, ƙa'idar aikin ce a duk duniya kuma da wahala aka koye ta. Tsakanin 1969 da 1970 cutar nan ta ɓarke a sashen wankin ƙoda a Edinbura ta ƙasar Sikotilan, ta kashe marasa lafiya har da ma'aikatan asibiti, daga irin wannan ne aka kafa dokar a gwada kowa kafin a ɗora shi a inji, wanda aka samu yana da ita a ware masa ɗaki da inji da kayan aiki da nas ɗin da ba za ta taɓa wasu ba a wannan zaman. Dalili kuwa ƙwayar tana da taurin rai, tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jinin da ido ma baya gani, a jikin maɓallin inji, a hannun kujera, a almakashi, a safar hannun da aka manta ba a canza ba. Wurin da ake fitar da jinin mutum waje awa huɗu ana juya shi, ɗigo kaɗan ya isa. Ki ce masa da ace wani ne aka samu da ita shi kuma ba shi da ita, ai shi ma zai so a ware wancan. Abin da ba daidai ba shine a ce saboda an ware shi sai ya rasa zamansa, wannan kam haƙƙinsa ne ku nema.

To daga ina ya samo? Nan ne kowa a gidanku ya zama likita, kuma duk cikinsu ba wanda ya sani. Hanyoyin suna da yawa. Ƙarin jini hanya ce, dan jinin da aka ɗiba daga wanda bai daɗe da kamuwa ba yana iya tsallake gwaji. Shi kansa sashen wankin ƙodar hanya ce kamar yadda na faɗa miki. Yana iya yiwuwa kuma ya ɗauka dab da lokacin gwajin farko, cutar tana ɗaukar wata ɗaya har zuwa shida kafin ta bayyana, sai takarda ta nuna babu alhali tana hanya. Akwai waɗanda tun suna yara suka yi ta, ta kwanta luf a hanta, sai da garkuwar jiki ta yi rauni saboda ciwon ƙoda ta sake tasowa. Ga askar wanzami, ga ƙaho, ga masu yankan farce da suke bin kasuwa da almakashi ɗaya. Har ma wani abu da mutane ba su sani ba, idan an yi wa mutum allurar rigakafin cutar aka gwada shi cikin 'yan makonni, gwajin yana iya nuna akwai alhali allurar ce, dan haka ki tambaya ko an yi masa allurar dab da wannan gwajin. Eh, ana ɗauka ta saduwa, maƙociyarki ba ƙarya tayi ba, amma ta ɗauko hanya ɗaya cikin bakwai ta ɗora miki a zuciya. Mutumin da shekara guda ana huda masa jijiya sau biyu a sati, an sa masa jinin mutane sau huɗu, baki buƙatar zuwa nesa neman dalili. Ki cire wannan zargin ƙanwata, baki da hujja kuma zai cinye ki ne kawai.

Ita kuma Hajiya, kitso ba ya kawo ciwon hanta, zaman mata a tsakar gida ba ya kawo shi. Amma zan faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba dan ki shirya zuciyarki, kina iya yin gwaji a ce ke ma kina da shi, kuma ko an ce haka ba yana nufin ke kika ba shi ko shi ya ba ki ba. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da cutar, galibinsu ba su sani ba, kuma a ƙasashenmu yawanci tun wajen haihuwa ko a ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa, ko wajen kaciya da cire beli da tsaga. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 mutum miliyan 254 ne suke rayuwa da ita. Kinga kenan abu ne da yake cikin kusan kowane dangi, ita kanta Hajiyar ya kamata a gwada ta, da ƙannensa duka, dan idan tun yarinta ya samu to akwai yiwuwar ba shi kaɗai bane a ɗakinsu. Kar ki faɗa mata haka da bakinki, zai zama rashin kunya kuma ba za ta ji ba. Uwa ce take kallon ɗanta yana ramewa, tana neman wanda za ta ɗora wa laifi dan zuciyarta ta samu inda za ta huce, ke kuma ke ce kusa. Ki samu babban wansa ko kawunsu wanda take jin maganarsa, a ɗauke ta a je asibiti ranar wanki, likita ya yi mata bayani da kansa. Abin da za ki shekara kina faɗa ba ta yarda ba, mai farin kaya zai faɗa a minti biyar ta gyaɗa kai.

Yanzu ke da cikin nan, wanda shine na biyu a gaggawa. Satin nan ki je wajen awo ki faɗa musu ƙarara mijinki an same shi da ciwon hanta nau'in B, a yi miki gwaji, a takardar za ki ga an rubuta HBsAg, shi ne yake nuna ko ƙwayar tana jiki, ki roƙa a haɗa da wanda yake nuna ko kina da garkuwa. Idan ba ki da cutar kuma ba ki da garkuwa a fara miki rigakafi nan take, allura uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida, kuma ba ta cutar da mai ciki ko abin da ke cikin. Kafin ta gama kama jiki ku riƙa amfani da kwaroron roba, ba abin kunya bane tsakanin mata da miji, lalura ce. Tunda ba ku daɗe da rabuwa da shimfiɗa ba, likita zai iya cewa ki sake gwaji nan gaba, ki bi. Idan kuma an samu kina da ita to ba kuka za ki zauna yi ba, za a auna yawan ƙwayar a jininki, idan tayi yawa akwai ƙwayar magani mai suna tenofovir da ake ba masu ciki a watannin ƙarshe dan kare jariri. Ko ma mene ne sakamakonki, abu ɗaya ba ya canzawa, jaririn nan a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Ki riƙe wannan da kyau dan nan ne muke yin sakaci, a haihu a gida daren Juma'a a ce jariri ba ya fita sai an yi suna, sai bayan kwana bakwai ko arba'in a tuna da rigakafi. Jaririn da ya ɗauka a wajen haihuwa, tara cikin goma da ita suke girma har abada, shi ya sa awannin farkon nan suke da tsada. Ki haihu a asibiti, ki faɗa wa ungozoma tun kina naƙuda, ki sa wadda za ta raka ki ta tsaya a kai har sai ta ga an yi. Nono kuwa ki ba shi abinsa, ba a hana shayarwa.

Yaran uku ki ɗauko katin rigakafinsu ki duba, tun 2004 allurar take cikin rigakafin yara a Najeriya, idan sun kammala to da sauƙi sosai, amma duk da haka a gwada su hankali ya kwanta, wanda bai kammala ba a ƙarasa masa.

Kwano da kofin nan ki mayar da su cikin sauran yau. Cutar ba ta bin abinci, ba ta bin kofi, ba ta bin tari ko gumi ko musabaha ko kwana ɗaki ɗaya, yaransa su hau jikinsa su ci tuwo a kwanonsa ba abin da zai same su. Jini ne abin kiyayewa. Rezarsa da abin askinsa da buroshinsa da asuwakinsa da abin yanke farce su zama nasa shi kaɗai a wata 'yar jaka da yara ba sa kaiwa. Ranar da ya dawo daga wanki za ki ga audugar nan da filasta a hannunsa inda aka cire allura, wani lokacin tana jiƙewa ta ɗiga a zanin gado, to ki ajiye kwalin safar hannu a ɗaki, ki sa kafin ki taɓa, audugar ki ƙulle a leda kar ta faɗi a tsakar gida ɗan ƙaramin ya ɗauka yana wasa, inda jini ya zuba ki goge da ruwan bilic, murfi ɗaya a murfi tara na ruwa. Shikenan fa, iyakar abin da ake buƙata kenan. Kince yana gani bai ce komai ba, to shirun nan ba rashin jin ciwo bane, magidanci ne da ya saba fita ya nemo, yanzu sai an nemo masa, a asibiti an ware shi a gida ma an ware shi, me zai sa ya ga amfanin tashi ya bi layi har dare? Ni a ganina fashin da yake yi rabinsa daga nan yake. Ki zuba abinci a kwano ɗaya ki zauna ku ci, ki ce masa tsoro ne ya sa ki kuma yanzu kin samu bayani, ba sai kin yi dogon jawabi ba.

Batun tafiya gida, shawarata kar ki tafi a kan wannan dalilin. Tafiyar ba za ta canza abin da gwaji zai nuna ba, allura ce take kare ku ba nisa ba. Mamanki ba muguwa bace, 'yarta take ji da jikokinta, kuma da ni ce a matsayinta da abin da aka faɗa mata wataƙila haka zan ce. Amsar da za ta kwantar mata da hankali takarda ce, ki kai mata sakamakon gwajinki da katin allurarki ta gani da idonta. Sannan ki juya tsoron nata ya zama taimako, ta turo miki ƙanwarki ta zauna da ke, ko ta riƙe miki yaran ranakun wanki. Idan kuma jikinki ne ya gaji, cikin ya yi nauyi kina buƙatar sati ɗaya ko biyu ki huta a gida, wannan daban ne kuma kina da haƙƙi, amma ki tafi da yardarsa, danginsa su tsayar da wanda zai riƙa kai shi, kuma kowa ya san hutu kika je ba gudu ba. Jinyar nan ba taki bace ke kaɗai, masu cewa ke kika kawo su zo su ɗauki kwana bibbiyu.

Asibiti kuma ki je, amma ba da rigima ba, dan gobe ma hannunsu za ki mayar da shi. Ki tafi da namiji babba daga danginsa da takardar farko da kike da ita, ku nemi ganin likitan ƙoda ba wanda kuka tarar a bakin ƙofa ba. Ku tambaya sau nawa aka gwada shi tsakanin na farko da wannan, an taɓa yi masa rigakafin ko ba a yi ba, dan ƙa'ida duk mai wankin ƙoda da ba shi da cutar ana yi masa, kuma nasu ninki biyu ne na sauran mutane saboda jikinsu ba ya saurin karɓa. Ku nemi a maimaita gwajin a babban ɗakin gwaji ba da ɗan tsinken gwajin nan-take kawai ba, akwai ma gwajin da yake taimakawa a gane ko sabon kamu ne ko tsoho. Kuna da damar tambaya ko an duba sauran marasa lafiyan, dan idan a sashen ya ɗauka to akwai wasu a cikin haɗari kuma dole su bincika. Idan aka yi muku kunnen uwar shegu ku rubuta koke a kai ofishin karɓar ƙorafi na asibitin ku riƙe kwafi. Amma babbar buƙatarku a ba shi tsayayyen lokaci a injin nan, ranar kaza ƙarfe kaza, in ba zai samu ba su rubuta muku takarda zuwa wata cibiyar da take da injin masu wannan lalura, kuma kar ku bar nan sai can sun tabbatar muku da gurbi. Kar kuma wani ya ba ku shawarar ku je sabon wuri ku ɓoye sakamakon, za su gwada su gani, in ma ba su gani ba alhakin duk wanda ya ɗauka yana wuyanku.

Ku nemi a haɗa shi da likitan hanta. Masu wankin ƙoda sau da yawa ba sa nuna alama, ido ba ya yin ɗorawa, har gwajin hanta na yau da kullum yana iya fitowa lafiya alhali ƙwayar tana aiki, shi ya sa ake auna yawanta a jini a kuma yi hoton hanta lokaci-lokaci. Idan bayan wata shida har yanzu tana nan to ta zauna kenan, kuma a masu ciwon ƙoda hakan ya fi faruwa fiye da sauran manya. Akwai magunguna masu danne ta sosai, entecavir da tenofovir, ba sa fitar da ita gaba ɗaya amma suna kare hanta shekara da shekaru, sai dai adadin da mai wankin ƙoda yake sha ba irin na kowa bane, likita ne yake tsara shi da ranakun wanki, dan haka kar a saya a kemis dan an ga wani yana sha, kuma in an fara ba a dainawa da ka. Ku yi masa maganar allurar ƙara jini ta EPO da sinadarin ƙarfe dan a rage yawan sa masa jinin mutane. Idan kuma kuna da burin dashen ƙoda nan gaba kar ku cire rai, wannan cutar ba ta rufe ƙofar ba, ana yi wa masu ita dashe idan an danne ƙwayar kuma hanta tana da ƙarfi, likitocin ne za su auna.

Ki rubuto min bayan kin karɓo sakamakonki da na yaran, musamman idan an ce kina da ita, dan akwai abubuwan da za mu tsara kafin watan haihuwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sauke ki lafiya.